An Yafe Zunubin, Kuɗin Mutane Fa?

Mata goma ne ke zubin adashi, kowacce naira dubu ashirin a wata. Ranar kwasa ta zo, sai uwar adashi ta fito hannu a ka, wai an shiga ɗakinta an yi awon gaba da dubu ɗari biyun. Ta ɗora zargin a kan yarinyar da ke mata aikin gida, aka kori yarinyar. Gaskiyar magana ita ce, ita ta cinye kuɗin. Kirista ce, ba ta fashin sujada, kuma bayan wata uku abin ya soma hana ta barci. Misali ne na ƙaga, don zancen gafara da shari'a da lahira ya fi fita sarai idan aka kama laifi guda aka bi shi daga ranar da aka aikata shi har inda zai tsaya.

Laifi uku ke wuyanta: cin amana, ƙarya, da ƙazafi.

A kan tushen magana babu saɓani tsakanin ikilisiyoyin Katolika da ECWA, ko Anglika da EYN, ko Baptis da COCIN. Ba wanda ke sayen gafara da aikinsa. Koyarwar ita ce Yesu Almasihu ya ɗauki hukuncin zunubi a kan gicciye, mai tuba kuma yana karɓar gafara kyauta, abin da ake kira alheri (Afisawa 2:8-9). Misalin da ke cikin Matiyu 18 ya nuna girman bashin da lissafi. Sarki yana bin baransa talanti dubu goma. Dinari ɗaya shi ne ladan lebura na yini guda, talanti ɗaya kuwa dinari dubu shida ne. Idan ka ninka za ka sami ladan yini miliyan sittin, wato aikin fiye da shekara dubu ɗari da sittin ba tare da hutun ko Lahadi ɗaya ba. Sarki ya yafe duka. Baran nan ya fita ya shaƙe wuyan abokin aikinsa a kan dinari ɗari, ladan wata uku da 'yan kwanaki, sarki kuwa da ya ji sai ya janye yafiyar. A nan ne sharaɗin da mutane ba sa son ji yake: wanda ya ƙi yafe wa ɗan'uwansa, kada ya sa ran tasa gafarar (Matiyu 6:14-15). Duk mai karanta Addu'ar Ubangiji, addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, da bakinsa yake sa hannu a kan wannan sharaɗin.

Inda hanya ta rabu shi ne wurin da matar za ta kai laifin.

Idan 'yar Katolika ce, gaban fada, wato limamin Katolika, za ta je. Ikilisiyar tana dogara da Yahaya 20:22-23, inda Yesu ya ba manzanni ikon yafe zunubi ko riƙe shi. Tun daga babban taron ikilisiya na Lateran na huɗu a shekarar 1215, wajibi ne mai bi ya furta manyan zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Kafin ta shiga sai ta zauna ta binciki zuciyarta, ta tantance mai nauyi da marar nauyi. Zunubi yana zama mai kisa ne idan abu uku suka haɗu: abin da aka yi babba ne, mai yin ya san babba ne, kuma da yardarsa ya yi. Nata ya cika ukun. Sai ta durƙusa, ta yi alamar gicciye, ta faɗi tsawon rabonta da furta zunubi, sannan ta ambaci kowane babban zunubi da irinsa da kuma sau nawa ta yi. "Na saɓa wa maƙwabtana" bai isa ba. Abin da ake so ta ce shi ne ta ci kuɗin amana kaza, ta yi ƙarya a kai sau kaza, ta laƙaba wa marar laifi sata. Ba a bukatar sunan kowa. Fada zai yi mata nasiha, ya ba ta aikin tuba, addu'o'i ne ko azumi ko taimakon mabukata, ta yi addu'ar nadama, sannan ya ɗaga hannu ya furta kalmar gafara cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ba a yin wannan ta waya ko ta WhatsApp, sai an haɗu.

Wurare uku ne abin ya fi lalacewa. Idan ta ɓoye ƙazafin da gangan saboda kunya, ta faɗi sauran biyun, furtawar duka ta rushe, ta kuma ƙara wa kanta laifin wasa da abu mai tsarki. Mantuwa daban ce: abin da aka manta da gaske an yafe shi, sai dai a ambace shi a zuwa na gaba. Na biyu shi ne nadamar baki, wato ba ta da niyyar dainawa. Nadama don tsoron wuta kaɗai tana wadatarwa a gaban fada, ko da yake wadda ta fito daga ƙaunar Allah ta fi ta, amma nadamar da babu ƙudurin gyara a cikinta ba nadama ba ce. Na uku shi ne kuɗin. Idan ta ce ba za ta mayar ba alhali tana da hali, fada yana da hurumin ƙin furta mata gafara.

Shi kuma fada bakinsa a ɗinke yake. Ba zai faɗa wa mijinta ba, ko 'yan sanda, ko bishop. Wanda ya tona abin da ya ji a wurin furta zunubi, a take ya fita daga tarayyar ikilisiya, kuma fadar Fafaroma ce kaɗai ke iya mayar da shi. Shi ya sa matar za ta iya mayar da kuɗin ta hannun wani amintacce ba tare da ta tona kanta ba. Sunan yarinyar ne dai ba a iya wanke shi a ɓoye. Dole mutanen da suka ji zargin su ji an janye shi.

Idan kuwa a ɗaya daga cikin ikilisiyoyin Furotesta take, za a ce mata ta tafi ga Allah kai tsaye, domin matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane (1 Timoti 2:5), kuma alkawarin 1 Yahaya 1:9 shi ne mai furta zunubinsa za a gafarta masa a kuma tsarkake shi. Mutane da yawa suna zaton Martin Luther, jagoran Furotesta na farko, ya soke furta zunubi ga limamin ikilisiya. Bai soke ba. Shaidar bangaskiya ta Augsburg ta 1530 ta bar shi, abin da ta cire shi ne tilasta wa mutum ya ƙirga zunubansa ɗaya bayan ɗaya, tana kafa hujja da Zabura 19:12, cewa ba mai iya gane dukan kurakuransa. Anglika kuma suna da furci na bai-ɗaya a cikin sujada, jama'a su furta tare, firist ya shelanta gafara.

Wannan hanyar tana da sauƙin shiga, tana kuma da sauƙin zamewa. Mutum ya yi kuka a ɗakinsa, ya ji sanyi a zuciya, ya tashi ya ce an gama, dubu ɗari biyun kuwa suna nan cikin jarin shagonsa. Matiyu 5:23-24 ta toshe wannan ƙofar: in kana gaban bagade da baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ajiye baikon, je ku shirya tukuna. A lura, ba a ce in kai ne kake da magana a kansa ba.

In asiri ya tonu kafin ta tuba, tsarin da Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hawa-hawa ne. Wadda aka cuta ta same ta su biyu. In ta ƙi ji, a koma da mutum ɗaya ko biyu. In ta ƙi, a kai gaban ikilisiya. In ta ƙi jin ikilisiya, sannan a ɗauke ta kamar bare. Daga nan ne horo ya samo asali, wanda a ikilisiyoyi da dama a Arewa yake nufin a dakatar da mutum daga cin jibin Ubangiji da riƙe muƙami, wani lokaci har a mayar da shi kujerar baya, sai dattawa sun gamsu da tubansa. A ganina kuskure biyu ne suka fi yi wa horo illa. Ana tsallake hawa na ɗaya da na biyu a faɗa kan sanarwa a bagade. Sannan horon ya fi sauka a kan laifin da ba ya ɓoyuwa, kamar cikin budurwa, ya bar mai cin amanar da ke da baki a majalisa. Bulus da kansa, da aka hori wani a Koranti, ya rubuta cewa horon ya isa haka, a yafe masa a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8).

Nawa za ta mayar? Littafin Firistoci 6:1-5 kamar da ita ake: wanda aka ba ajiya ya ci ya kuma yi ƙarya a kai, zai biya uwar kuɗin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. A lissafinta dubu ɗari biyu da arba'in ke nan. Ɓarawon dabba da ya yanka ko ya sayar, sa biyar yake biya a kan sa ɗaya, tumaki huɗu a kan tunkiya ɗaya (Fitowa 22:1). Zakka mai karɓar haraji shi ya yanka wa kansa ninki huɗu, ya ƙara da rabin dukiyarsa ga matalauta (Luka 19:8). Ikilisiyoyi ba sa ɗora waɗannan adadin a matsayin doka a yau, amma uwar kuɗin ba ta faɗuwa. In ba ta iya biya a dunƙule, ta biya kaɗan-kaɗan. In mai kuɗin ta rasu, magada ne. In an neme su an rasa, a ba matalauta. Agustin, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya rubuta a wata wasiƙa cewa ba a yafe zunubin sai an mayar da abin da aka ɗauke, muddin ana iya mayarwa. Shekaru kusan dubu da ɗari shida ke nan, ban ga an inganta a kan wannan ba.

A ce ta tuba da gaske, ta biya rabi, ta wanke yarinyar, sai ajali ya riske ta.

Ibraniyawa 9:27 ta ce sau ɗaya aka ƙaddara wa mutum ya mutu, bayan haka sai shari'a. Babu dawowa a wani jiki, babu kuma tuba bayan an rufe ido. A labarin mai arziki da Li'azaru (Luka 16) akwai rami mai zurfi tsakanin ɓangarorin biyu wanda ba a ƙetarewa. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu kuwa bai mayar da ko kwabo ba, ba a yi masa baftisma ba, aka ce masa a ranar zai kasance a Firdausi (Luka 23:43). Hujja ce cewa tuban ƙarshen numfashi karɓaɓɓe ne, amma su biyu ne a rataye a wurin, ɗaya ne ya tuba.

Katolika suna koyar da cewa kowane rai yana fuskantar shari'arsa ta kansa nan take bayan mutuwa. Fafaroma Benedict na 12 ne ya yanke wannan a 1336, bayan wanda ya gabace shi, John na 22, ya tayar da ƙura da wa'azin cewa tsarkaka ba za su ga fuskar Allah ba sai ranar ƙarshe. Yawancin Furotesta ma sun yarda mai bi yana rabuwa da jiki ya kasance tare da Ubangiji (2 Korantiyawa 5:8, Filibiyawa 1:23). 'Yan Adventis ne suka ware, suna cewa matattu barci suke, ba su san komai ba har tashin matattu.

Sai furgatori, wurin tsarkakewa, wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba dama ta biyu ba ce, ba kuma ƙaramar wuta ba ce ga masu matsakaicin laifi. A koyarwar Katolika duk wanda ke cikinsa ya riga ya tsira, sama zai shiga babu makawa, sai dai akwai sauran dattin da za a wanke. Tushen tunanin shi ne bambanta laifi da tabonsa. An ce wa Dawuda an yafe masa, duk da haka ɗan da aka haifa ya mutu (2 Sama'ila 12:13-14). Matar nan an yafe mata, amma son abin hannun mutane da ya yi shekaru yana kafa saiwa a zuciyarta bai fita a rana ɗaya ba. An tsara koyarwar a tarukan Lyon a 1274, da Florence a 1439, da Trent a 1563. Babbar hujjar nassi ita ce 2 Makabiyawa 12, inda aka yi hadaya domin sojojin da suka mutu. Matsalar ita ce wannan littafin yana cikin littattafai 73 na Katolika, ba ya cikin 66 na Furotesta, don haka muhawarar takan mutu tun kafin a fara ta. Furotesta suna cewa aikin gicciye ya cika, babu sauran bashin da za a biya a wani wuri, kuma sashe na 22 cikin ƙa'idoji 39 na Anglika ya yi watsi da koyarwar a fili.

Kuɗi ne ya mayar da wannan saɓanin gobara. A farkon ƙarni na 16 ana sayar da takardun sassaucin horo a Jamus, har da na matattu, ana tara kuɗin ginin majami'ar Bitrus a Roma. Wannan cinikin, wanda Johann Tetzel ya yi suna a kansa, shi ya sa Luther ya rubuta batutuwansa 95 a watan Oktoba na 1517. A 1567 Fafaroma Pius na 5 ya haramta haɗa sassaucin da kuɗi. A ranar 31 ga Oktoba 1999 a Augsburg, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan matsaya ɗaya cewa ta alheri kaɗai ake kuɓuta, amma furgatori yana nan ba a daidaita a kansa ba.

A wurin jana'iza ake ganin bambancin da ido. 'Yan'uwan matar, in Katolika ne, za su nemi a yi sujadar Mas domin ranta, su kuma tuna da ita ranar 2 ga Nuwamba, ranar dukan matattu masu bi. In ECWA ne, fasto zai gode wa Allah domin rayuwarta, ya yi wa waɗanda ta bari addu'a, ya yi wa masu rai wa'azi, amma ba zai roƙa mata gafara ba, domin a wurinsa littafinta ya rufe. Kiristocin Otodoks na Girka da Rasha suna addu'ar matattu a rana ta uku da ta tara da ta arba'in, lissafin da ba zai yi wa Bahaushe baƙo ba. Ragowar dubu ɗarin dai, a kowace ɗariƙa, bashi ne a kan abin da ta bari, a fitar da shi kafin rabon gado.

Wanda aka yafe wa ma zai tsaya gaban shari'a. Romawa 8:1 ta ce babu hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu, 2 Korantiyawa 5:10 kuma ta ce dukanmu za mu bayyana a gaban kursiyinsa kowa ya karɓi sakamakon abin da ya yi cikin jiki, kuma mutum ɗaya ne ya rubuta duka biyun. Bayaninsa yana cikin 1 Korantiyawa 3:11-15. Harsashi ɗaya ne, amma wani ya yi gini a kai da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, wani da itace da ciyawa da kara. Wuta za ta gwada ginin. Wanda nasa ya ƙone zai yi hasara, shi kansa zai tsira, amma kamar wanda ya fito daga gobara da rigar jikinsa kaɗai. Katolika suna jin ƙanshin furgatori a wannan ayar, Furotesta suna karanta ta a kan lada da rashin lada.

A kan wuta, kalmomi uku ne ake cuɗawa. Sheol na Ibrananci da Hades na Girkanci wurin matattu ne gaba ɗaya, kusa da abin da muke nufi da lahira. Gehenna ita ce wurin hukunci, kuma asalinta sunan kwarin Hinnom ne a kudancin Urushalima, inda aka taɓa ƙona yara hadaya ga gumaka (Irmiya 7:31). Daga wannan tushen Jahannama ta fito. Sau 12 kalmar ta zo a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu, ɗaya a wasiƙar Yakubu. Duk mai cewa zancen wuta na masu tsananin wa'azi ne, ba na Yesu ba, bai ƙirga ba. Mafi rinjayen ikilisiyoyi suna koyar da cewa hukuncin madawwami ne, saboda Matiyu 25:46 ta yi amfani da kalma ɗaya ga tsawon rai da tsawon hukunci. Adventis da wasu tsirarun malaman bishara suna ganin za a hallaka mugaye ne su shuɗe. Ra'ayin da ake jingina wa Origen na Iskandariya, cewa a ƙarshe kowa zai tsira, an yi tir da shi a Kustantiniya a ƙarni na 6.

A gidan makoki mukan ce "ta tafi sama" mu tsaya nan, kamar zancen ya ƙare. A koyarwar Kirista wannan zaman jira ne. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, yadda aka kammala ta a 381, da sa ran tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa ta rufe. Jikin da aka binne shi za a tayar. Bulus ya kwatanta shi da iri da tsiro: an shuka shi mai ruɓewa, a wulaƙance, da rauni, za a tashe shi marar ruɓewa, da ɗaukaka, da iko (1 Korantiyawa 15:42-44). Wahayin Yahaya 21 kuma ba ta nuna mutane suna hawa ba, birni ne ke saukowa zuwa sabuwar duniya. Ranar da wannan zai faru kuwa ba wanda ya san ta (Markus 13:32). Mabiyan William Miller a Amurka sun jira ta ranar 22 ga Oktoba 1844, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, duka biyun gari ya waye kowa ya koma neman abinci.

To in an riga an yanke wa kowa hukuncinsa ranar mutuwarsa, mene ne amfanin shari'ar ƙarshe? Amsar tana ga yarinyar da aka kora. Laifi ba ya tsayawa ranar da mai shi ya mutu. Wataƙila zargin ya bi ta gidan aiki na gaba, wataƙila ya ɓata mata maganar aure, wataƙila akwai wanda ya ji zargin bai taɓa jin an janye shi ba. Shari'ar farko tsakanin rai ne da Allah. Ta ƙarshe a bainar jama'a ce, ana buɗe littattafai (Wahayin Yahaya 20:12), a fito da abin da ke ɓoye cikin duhu har da nufin zukata (1 Korantiyawa 4:5). Tambayoyin da Matiyu 25 ta lissafa shida ne, na mai yunwa, da mai ƙishi, da baƙo, da marar sutura, da marar lafiya, da ɗan kurkuku, kuma alƙalin ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikinsu shi aka yi wa. Yarinya 'yar aiki da aka tura waje da ƙullin kayanta, a cikin wannan sahun take, kuma matan adashin tara da suka yarda da zargin ba tare da sun tambaye ta ba, su ma suna wurin.